Toka a Dunduniyar Malam Haliru

Duk wanda ya riga ni ba ku labarin nan bai faɗa muku daidai ba. Masoyan Malam Haliru cewa suke yi a filin ƙwallonmu aka gane shi mutum ne mai karɓar laifinsa, har mace ta yi masa gyara ya yi godiya. Maƙiyansa kuma cewa suke yi na kama shi yana maguɗi na tona masa asiri a bainar jama'a. Akwai ma marasa aikin yi da suka ce aurena ya nema na ƙi. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Ni na zuba tokar layin, makullin sito a hannuna yake, komai a gabana aka yi, amma har yau da nake rubuta wannan ban iya ce muku ga irin mutumin da Malam Haliru yake ba. Ku sababbin malamai da kuka dame ni da tambaya a ɗakin malamai, ku karanta sau ɗaya ku bar ni in huta.

Ranar da ba za ta taɓa fita raina ba wata Jumma'a ce bayan la'asar, a ƙarshen 1959. An gama girbin gero, gari ya ɗauki zafin zaɓen 'yan majalisar da za su tafi Ikko. Amma bari in fara gaya muku yadda aikin yake, don wasunku ba su tarar da shi haka ba.

Ni ce ƙaramar malama a makarantar 'yan mata a lokacin, kuma wasanni aka ba ni saboda babu mai so. Ɗiyar mahauci ce ni, ban kuwa taɓa ɓoyewa ba. Lokacin da aka ce kowace unguwa ta kawo yarinya boko, masu hali suka ɓoye nasu, aka nuna gidanmu. Haka na yi karatu har sakandare, na dawo na kama aiki. Shugabarmu Baturiya ce, 'yan mata na kiran ta Inna Tabarau. Ita ta kawo mana ƙwallon kwando. Ta sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe biyu, kafinta ya buga su a jikin katako, aka kafa a filin da ke bayan katanga, aka kewaye shi da zana. Wasan ba shi da wuyar ganewa: biyar-biyar ake yi, kowane ɓangare na neman jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawarsa. Ba a tafiya da ƙwallo a hannu sai ana buga ta da ƙasa, ba a ture mutum, kuma wanda ya taka layi yana riƙe da ƙwallo ya fita, sai a ba ɗaya ɓangaren.

Da labarin filin ya bazu, sai samarin ma'aikata da suka koyo wasan a makarantun Zariya da Katsina suka roƙi a riƙa ara musu shi. Akawunan En'e ne, da malaman makarantar maza, da 'yan asibitin dabbobi. Inna Tabarau ta yarda da Jumma'a kaɗai, bisa sharaɗi: malama ɗaya ta fito da ƙwallo, ta zana layi, ta karɓi kayanta kafin magariba. Ni ce malamar. Nakan ɗebo toka a madafar makaranta in tankaɗe, in zuba a gwangwani mai huda in bi gefen fili da shi, in hura ƙwallo da famfon keke, sannan in zauna a bakin sito in ja mayafina. Usur kuwa a rataye yake a ƙusa cikin sito, don mazan sun ce ba sa bukatar alƙali. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya yi laifi shi ke ɗaga hannu da kansa ya ba da ƙwallo. Babu zaɓen 'yan wasa, duk wanda ya zo ya shiga. Ƙa'idar nan ta burge ni ƙwarai, har na ɗora 'yan matana a kanta, ina alfahari da cewa a filina ba a busa wa kowa usur.

Yanzu Malam Haliru. Tsohon akawun En'e ne da ya ajiye aiki ya tsaya takara. A farkon makon da nake ba ku labari ya je wurin babana a mahauta, ya ce in ya ci zaɓe zai buɗe ofis a nan Sakkwato, yana neman wadda ta iya tafireta da Turanci, wadda kuma za ta iya shiga gidaje ta ji koken mata. Ya ce ni aka nuna masa. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma da na gaya wa Inna Tabarau sai ta cire tabaraunta ta ce, "Luba, malama ba ta siyasa. In kin fita ƙofar nan don wannan aikin, ba zan sake buɗe miki ita ba."

Ku tuna mu mata ba mu da ƙuri'a a Arewa. Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da aka taɓa ba ni, kuma da aikina zan jefa ta.

Na tambayi Baba shawara. Yana wasa wuƙa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ni in zan sayi sa, ba tsaye nika dubinai gaban mai shi ba. Sai in ce a kora shi in ga tahiyatai. Ke dai ki ga tahiyatai tukuna."

Na ce, "Baba, a ina zan ga tafiyar ɗan takara? Kullum a kan mota yake da lasifika."

Ya ce, "Wanga kuma ke yad dama."

Sai ga shi ran Alhamis an aiko cewa gobe Malam Haliru zai zo wasa da tsofaffin abokan aikinsa. Na ce to, Allah ya kawo san har gida.

Ya zo da mota da mutane da maroƙi. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa wani, sai ga shi da singileti da farin takalmin kambas. Ya iya wasan, wannan ba gardama. Matsalar ita ce babu wanda ya yarda ya yi wasa da shi. Da ya ɗauki ƙwallo sai hanya ta buɗe kamar liman zai shiga masallaci. Akawun da aka sa ya tsare shi ya ja gefe yana cewa, "Bismilla, ranka ya daɗe." Wani malamin lissafi, da ƙwallo ta faɗo hannunsa, kunya ta kama shi ya miƙa wa Malam Haliru da hannu biyu, alhali ba ɓangarensu ɗaya ba. Maroƙi na gefe yana ta wage baki. Ni kuwa takaici kamar ya kashe ni. Ta yaya zan ga tafiyar san da kowa ke share masa hanya?

Shi ma abin ya ishe shi. Ya dangwarar da ƙwallo ya ce, "Jama'a, wasa na zo yi ko karɓar gaisuwa? In babu mai tare ni in sa rigata in tafi." Na ce a raina, madalla, wannan maki ɗaya ne gare shi.

Mutum ɗaya ya amsa. Isa Dogo, malamin dabbobi, mai yi wa shanu allura a kara, wato kasuwar shanu, wanda ya saba kokawa da bijimai kuma bai iya rusunawa ba. Ya ce, "Ni zan tare ka, Malam, amma kada ka yi kuka." Aka yi dariya, wasa ya zama wasa. Ba a jima ba suka yi tsalle tare a ƙarƙashin kwando, sai ga Malam Haliru a ƙasa, leɓensa ya fashe, jini a singileti. Mutanensa suka fara matsowa, na ga wani yana naɗe hannun riga. Kafin kowa ya ce uffan sai Malam Haliru, yana zaune a ƙasa, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Laifina ne. Ni na faɗa masa. A ba su ƙwallo."

Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Maroƙi har muryarsa ta dushe. Ni kuwa na ga abin da ya faru sarai: gwiwar hannun Isa ce ta same shi, shi bai taɓa kowa ba. Wato ƙarya ya yi. Amma wace irin ƙarya ce wannan da mutum zai ɗora wa kansa laifin wani? Ban san inda zan ajiye ta ba. Na ce to, a rubuta masa ita a gefen alheri.

Can dab da tashi, ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, aka ce wanda ya jefa na gaba shi ya ci. Ƙwallo ta zo wa Malam Haliru a kusurwar da ke kusa da sito, nesa da 'yan kallo, dab da inda nake zaune. Ya ja da baya don ya kauce wa Isa, dunduniyarsa ta sauka a kan layi, toka ta yi ɗan tashi. Ya jefa, ta shiga. Na zuba wa hannunsa ido ina jira ya ɗaga. Ya ɗaga kam, duka biyun ma, amma na murna.

A ganina ya ɗan dubi ƙasa kafin ya jefa. A ganina. Na juya wannan kallon a kaina har na gaji, wata rana in ce ya duba, wata rana in ce inuwar Isa yake kallo.

Da kansa ya kawo mini ƙwallo bakin sito, yana share leɓe da hankici. Ya ce, "Malama Luba, kin ga wasanmu na tsofaffi. Ina fata Baba ya isar miki da saƙona."

Na ce, "Ya isar. Malam, ka taka layi."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Ƙwallon ƙarshe. Ka taka layi kafin ka jefa, kuma ba ka ɗaga hannu ba. Dubi dunduniyarka."

Ya ɗaga ƙafa ya duba. Ga toka nan ta yi shati a bayan kambas, ta fi takalmin duhu. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Ashe?" Ya yi murmushi, ya sa riga, ya shiga mota.

Na kulle sito na ce magana ta ƙare. Mutumin da zai karɓi laifin da ba nasa ba a gaban taro, ya ɓoye nasa a inda babu mai gani, ba zan ajiye aikina saboda shi ba. Na ji daɗi ma, don ni ba na son abu ya daɗe a kaina ban yanke ba.

Jumma'ar da ta zagayo sai ga shi ya dawo. Kafin a fara ya tara kowa a tsakiyar fili ya ce, "Wancan makon ba mu muka ci ba. Na taka layi, ban sani ba, Malama Luba ce ta nuna mini. Su Isa ke da wasan." Ya je ya kama hannun Isa ya ɗaga. Sannan ya juyo wajen sito ya ce, "Malama, Allah ya saka." Mutane suka juyo gaba ɗaya suna kallo na, na rasa inda zan sa fuskata.

To yanzu fa? Babu wanda ya tilasta masa. Ni kaɗai na gani, kuma wa zai saurari ƙaramar malama a kan ɗan takara? Na warware hukuncina na wancan makon, na ce na zalunci bawan Allah.

Kwana kaɗan bayan haka sai na ji labarina a lasifika. Ina wucewa ta bakin kasuwa, motarsa na tsaye, yana magana da Sakkwatancin da ba ya yi da mu a fili: "Ku tambayi ma'aikata! Ɗiya mace tag gyara min, nik karɓa gaban jama'a! Wanda yak karɓi gyaran mace, shina ƙin naku?" Aka yi ta sowa. A unguwar Gidan Dare ya faɗa, a Wamakko ya faɗa. Mahauta suka riƙa zolayar Baba suna kiran sa surukin layi, har ya daina amsa gaisuwa. Tokar da na zuba da hannuna ta zama kayan kamfe.

Na rasa gane komai. Ya gyara don gyara ne sannan ya ga abin zai yi amfani, ko tun a bakin sito, lokacin da yake kallon dunduniyarsa, lissafin nan yake yi? Kuma in mutum ya yi abin kirki sannan ya yi talla da shi, kirkin ya goge ne ko yana nan?

Na je kara na sami Isa Dogo, yana tsakanin shanu da allura a hannu. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Malam Isa, ranar da ya faɗi, wa ya yi laifi?"

Ya ce, "Ni mana. Gwiwar hannuna har ta kumbura."

"To me ya hana ka ɗaga hannu?"

Ya ce, "Ai ina cikin ɗagawa ya riga ni. Malama, mutumin nan ƙwace mini laifina ya yi." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "Kin lura Jumma'ar da ta wuce ban tare shi ba? Da na matso sai in tuna, sai jikina ya yi sanyi. Ni kaɗai ke tare shi a filin nan, yanzu ni ma na bi sahu."

Na ce, "Wato da gangan ya yi, don ya kashe maka jiki."

Ya ce, "Ban ce ba. Kin ga ƙaton nan da ya naɗe hannun riga? Da Malam bai ɗaga hannu ba, da yanzu a asibitin mutane nake, ba na dabbobi ba. Ko kuma a wayi gari an mayar da ni wani daji. Ceto na ya yi."

Na ce, "To wanne ne? Ceto ko dabara?"

Ya ce, "Ke da kika yi sakandare ba ki sani ba, sai ni mai bin shanu? Matsa, wannan tana harbi."

Na koma makaranta kaina ya fi da ɗaurewa. Ina shiga sito idona ya faɗa kan usur a ƙusa, ya yi ƙura. Nan wani tunani ya zo mini. Duk abin da na gani game da Malam Haliru, shi ya zaɓi ya nuna. Shi ya zaɓi lokacin ɗaga hannu, shi ya zaɓi lokacin dawo da wasa. Ban taɓa ganin an tsayar da shi a lokacin da bai shirya ba. Ba a kora san ba ke nan, shi yake zagayawa da kansa.

Na je wurin Inna Tabarau na ce ina so in yi alƙalancin wasan maza. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Za su yarda mace ta busa musu?" Na ce akwai wanda ba zai iya ƙi ba, don ya riga ya gaya wa duk gari yana karɓar gyaran mace. Ta yi wani ɗan tari da na san dariya ce take ɓoyewa, ta ce filin nawa ne.

Jumma'ar ƙarshe kafin zaɓe na fito da usur a wuya. Akawuna suka fara gunaguni. Malamin lissafi ya ce, "Haba Malama, ai mu nan amana muke yi." Na ce amana tana nan, usur ƙari ne, wanda bai so ba ya kawo tasa ƙwallon. Malam Haliru ya tafa hannu ya ce, "Ku bar ta! Ai ni na fi kowa murna." Mutane sun fi na kullum yawa a ranar, har a kan katanga.

Na ja Isa gefe na ce, "Yau ba ruwanka da ɗaga hannu. In ka yi laifi ni zan faɗa. Tare shi." Ya tare shi kuwa.

Na farko, Malam Haliru ya yi tafiya da ƙwallo, na busa. Ya rusuna mini cikin wasa, aka yi dariya. Na biyu, ya riƙe singiletin Isa, na busa. Ya yi murmushi ya ba da ƙwallo, amma bai rusuna ba. Na busa wa wasu ma, har Isa, kada ku ce shi kaɗai na sa wa ido. Can kusa da tashi, su Malam na baya da ƙwallo ɗaya, ya kutsa ya ture Isa da kafaɗa, ya jefa ta shiga. Fili ya ɗauki sowa. Na busa na ce ba ta ci ba.

Ya tako har inda nake. Fuskar da na gani ban taɓa ganin ta ba, ba a fili ba, ba a kan mota ba. Babu murmushi, babu fushi irin na hargagi, wani abu ne shiru mai sanyi. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji ya ce, "Malama Luba, ki san inda kike tsaye."

Na ce, "A filina nake tsaye, Malam."

Muka dubi juna. Sai fuskar ta wuce kamar ba a yi ta ba. Ya juya ya ɗaga hannu sama ya ce da ƙarfi, "Alƙali ta yi gaskiya!" Ya miƙa wa Isa ƙwallo. Su Isa suka ci. Jama'a suka tafa wa wanda aka cinye fiye da wanda ya ci.

Ya sake kawo mini ƙwallo bakin sito. Na ce, "Malam, me kake nufi da in san inda nake tsaye?"

Ya ce, "Zafin wasa ne. Ke ba kya fushi? An ce har Baturiyarku tana shakkar bakinki." Wannan kam gaskiya ne. Ya zauna a kan benci yana kwance igiyar kambas, ya ce, "Bari in gaya miki. Tun da na tsaya takara ban ƙara jin kalmar a'a ba. In na ce rana ta fito daga yamma sai a ce ai tun jiya suka lura. Duk garin nan babu mai busa mini usur sai ke. Saboda haka nake son ki a ofishina. Da mai buga tafireta kawai nake nema, da na samu tuni."

Ya faɗe ta da gajiya, babu maroƙi kusa, babu mai ji sai ni. Wallahi na ji tausayinsa. Kuma a daidai lokacin ina tuna fuskar nan. Dukansu biyun shi ne, a yini ɗaya, a fili ɗaya.

Na gaya wa Baba duka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, kin ga tahiyatai?" Na ce na gani, yana ɗingishi, amma ban san ko ciwo ne ko salo ba. Ya ce shi a sana'arsa in ya kasa ganewa barin sa yake yi ga mai shi, amma ni ba sa zan saya ba, in yi abin da na ga dama.

Malam Haliru ya ci zaɓe. Ya tafi Ikko, aka yi bikin mulkin kai da shi. Ya buɗe ofishin, ya ɗauki akawu namiji, amma ya ce kujerata tana nan. Wasu sun ce ya yi wa unguwarsu aiki, wasu sun ce ba su ƙara ganin sa ba, ni ban bi diddigi ba. Na riƙa ce wa 'yan aikensa ina tunani, ni da ban taɓa yin mako ina tunanin abu ɗaya ba. Makon jiya ya sake aikowa, ya ce wannan ce ta ƙarshe, don ba zai bar kujera ta yi ta zama babu kowa ba.

Abin da na iya fitarwa daga duk wannan rikicin kaɗan ne, kuma game da aikinmu ne, ba game da shi ba. Ƙa'idar ɗaga hannu tana da kyau, ba zan soke ta ba. Amma mai ɗaga hannu da kansa shi ke zaɓar laifin da zai ɗaga wa hannu. Da na koma na lura da 'yan matana sai na ga abin nan a filina, a gaban idona, shekara da shekaru. Ɗiyar hakimi takan ɗaga hannu a ƙaramin laifi a yaba mata, in ta yi babba kowa ya kau da kai. Ɗiyar talaka kuwa takan ɗaga hannu tun ba ta yi komai ba. Ni kuma ina zaune ina alfahari ba na busa usur.

Game da Malam Haliru, ban sani ba ko yana son usur ɗin kusa da kunnensa ne ko cikin aljihunsa. Wataƙila shi ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne ranar da ya ce in san inda nake tsaye, ina da amsa, don filin nawa ne kuma ba shi ya ba ni ba. A ofishinsa, kujera tasa, ƙofa tasa, in ya sake faɗa mini haka me zan ce?

Jiya na shiga wurin Inna Tabarau na ce ina nan, ba inda za ni. Ta ce da ma ba ta nemi wata ba. Daga makon gobe kowace yarinya a ajina za ta riƙe usur bi da bi, kuma da ɗiyar mai wankin makaranta zan fara, ranar da ɗiyar hakimi ke wasa. Ku da ke kan aikin fili ku shirya, za a yi kuka, kada wadda ta zo mini da roƙo.

Shi kuwa na ba Baba saƙo ya kai masa da baki. Na gode da kujera, a ba wani. In Malam yana marmarin jin a'a, fili na nan kowace Jumma'a bayan la'asar, zan zuba sabuwar toka. Ya zo da kambas ɗinsa.